Jan Labaran a Cikin Shanshani

Da hannuna Alhaji Ashafa ya sa na ƙone takarduna. A ofishinsa aka yi, cikin wani tsohon kwanon sha, shi yana kan kujera yana kaɗa ƙafa, ni ina tsugune ina tura shafi bayan shafi cikin wuta kamar wanda aka kama da kayan tsibbu. Aikin wata biyar ne. Da na ce, "Alhaji, ku bari a ajiye ko kwafi ɗaya ne, a gidanku ma," sai ya ce, "Muntari, takarda ƙafa gare ta. Yau tana gidana, gobe tana Sharaɗa, jibi kowane kamfani a Bompai yana fitar da irin kayana." Na yi shiru. Shirun nan yana cikin abubuwan da in na tuna har yau sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Amma bari in faro daga tushe, don in na fara da Alhaji ba zan gama da wuri ba.

A shekarar 1986 ni ne mai kula da wuta da injuna a kamfaninsa na jima da ke Chalawa. Ba wani babban kamfani ba ne. Ganguna shida gare mu, irin manyan nan na katako da suka fi mutum tsayi, waɗanda ake zuba fatun awaki a ciki da ruwa da magani, inji yana juya su. Abin da biyar daga cikinsu suke fitarwa kowa ma yana fitarwa. Ganga ta uku ce take riƙe da mu, don ita ce take fitar da wata irin fata mai laushi, ja wur, wadda masu saye daga ƙetare suke nema da suna: jan Labaran.

Labaran ɗin tsoho ne, haifaffen gidan majema, wanda duk kamfanin suke kira Baffa, har shi Alhajin. Kayan haɗinsa ba asiri ba ne: bagaruwa, karan dafi, kanwa, da ɗan maganin kanti. Kowa yana ganin abin da yake zubawa. Asirin a kunnensa yake. Zai tsaya taku biyu daga gangar, ya rufe ido, ya karkatar da kai, yana sauraren yadda fatun suke faɗuwa a ciki. Da fari tim-tim suke yi, da nauyi. In sun fara shan magani sai ƙarar ta yi laushi, kuma a cikin laushin nan akwai hawa-hawa da shi kaɗai yake rarrabewa. Sai ka ga ya ɗaga hannu, a tsayar. Ya juya hannu, a mayar da ganga baya. Ya nuna ƙasa, a ƙara ruwan zafi. Bai taɓa ɗaura agogo ba. Gwadabe, shugaban ma'aikata, ya shekara tara yana tsayawa a bayansa wai zai koya, abin da ya samu kawai ciwon wuya ne.

Ni na kawo shanshani. Abokina Abdulwahid, wanda muka yi makaranta tare kuma yake koyar da aikin lantarki, shi ya dawo da shi daga wani kwas a ƙasar waje, ya ɗora min a tafin hannu. Turawa suna kiransa maikurokwantirola. Ma'aikatanmu suka dubi ƙafafunsa arba'in, ashirin a kowane gefe, suka ce wannan ai shanshani ne, sunan kuma ya bi shi. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsana ba. Amma a cikinsa akwai ƙwaƙwalwar da take lissafi, akwai ma'ajiyar umarni, akwai agogo biyu da suke ƙirga lokaci ba kuskure, ga ƙafafun nan da wasu suke karɓo masa labari, wasu suke kai umarninsa ga inji. Duk a jiki ɗaya. Aikin da a da sai an cika kabad guda da makunnai masu ƙwas-ƙwas, waɗanda duk bazara sai biyu ko uku sun ƙone sun hana ni cin abincin rana, shi kaɗai zai yi, da wutar da ba ta kai ta tocila mai batir huɗu ba. In an ɗauke wuta ba ya mantuwa. In ka yi kuskure wajen rubuta masa umarni kuma ba sai ka jefar da shi ba. Akwai wata 'yar taga ta gilashi a gadon bayansa, sai ka sa shi a ƙarƙashin wata fitila ta musamman minti ashirin, haskenta ya shiga ta tagar ya wanke shi tas kamar allo, ka sake rubutu. Shi ya sa in ka gama sai ka liƙe tagar da takarda. Abdulwahid ya ja min kunne cewa hasken rana ma yana wanke shi, sai dai a hankali, wajen mako guda. Na ce to wane mahaukaci ne zai kai shi rana?

Wallahi na so abin nan, kuma har gobe ba zan ce mugun abu ne ba. Abin da aka sa shi ya yi. Mu da muka sa shi mu ne abin tuhuma.

Na daɗe da lura cewa duk sanda ƙarar fatu ta sauya a kunnen Baffa, allurar mitar da take nuna yawan wutar da injin gangar yake ja tana ɗan motsawa. Kaɗan ne ƙwarai, amma shanshani zai iya kama shi. In na haɗa wannan da zafin ruwa da lokaci, ga kowace irin fata, ta rani da ta damina, ta akuyar Sakkwato da ta Damagaram, to ganguna shida duka za su fitar da ja. Da na kai wa Alhaji maganar, sai da ya ajiye kofin shayinsa.

Baffa ne ya ƙi. Na same shi a bakin famfo yana wanke hannunsa, wanda karan dafi ya rine har gwiwa tun kafin a haife ni.

"Muntari," in ji shi, "in ka kwashe abin da ke kaina ka ɗura wa ƙwaron nan, ni kuma me zan zama?"

"Ubansa za ku zama, Baffa. Ganguna biyar zai riƙe. Ta uku taku ce har sai kun gaji don kanku. Alhaji ya yarda."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ni bakinka na sani." Ya miƙo min jiƙaƙƙen hannunsa.

Wata biyar muka yi. Shi yana tsaye ido a rufe, ni ina zaune a kan durom da littafi da agogo, idona a kan allura. Ya ɗaga hannu in rubuta. Ya juya hannu in rubuta. Ranar Asabar in hau babur in tafi wajen Abdulwahid, mu wanke shanshani da fitila mu sake zuba masa abin da na tara, in dawo mu gwada, fata ta fito kamar jan bulo, Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya fara son abin shi ma. Da safe sai ya leƙa akwatin ƙarfen da na sa shi a ciki ya ce, "Ɗalibina ya tashi lafiya?" Wata rana ya nuna farar takardar da ke liƙe a bayansa ya ce, "Wannan fa, laya ka yi masa?" Ina cikin ɗaure waya, raina a ɓace don ta ƙi kamawa. Na ce, "Ku bar wannan, Baffa, ba za ku gane ba." Bai kuma sake tambaya ba.

Ranar da abin ya yi, daga ganga ta biyar aka fito da fatar, gangar da ba ta taɓa fitar da abin kirki ba. Baffa ya karɓa, ya murza, ya sansana, ya ɗaga ta a haske, ya ciji gefenta. Sai ya ce, "Wannan hannuna ne." Ma'aikata suka yi kabbara. Ni kuwa kaina ya kumbura har hulata ta so ta matse ni.

Kashegari ne Alhaji ya kira ni da littattafaina, ya sa aka kawo kwanon sha da ashana. Bai tsaya nan ba, sai da ya bi ni har wajen Abdulwahid ya tsaya a kanmu aka goge abin da ya rage a na'urar da muke rubuta wa shanshani umarni da ita. Daga ranar, jan Labaran wuri biyu kawai yake a duniya: kunnen Baffa da cikin shanshani.

Bayan mako biyu aka haɗa ganga ta uku ita ma da shanshani, aka mayar da Baffa rumfar shanya, can bayan kamfani, inda ake rataye fatu su sha iska.

Na shiga ofishin Alhaji ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce, "Alhaji, ba haka muka yi da ku ba."

"Korarsa na yi?" in ji shi. "Inuwa na ba shi. Mutum ya tsufa, ba sai ya huta ba? Kuma ka ji in gaya maka, shanshaninka ba ya zuwa jana'iza, ba ya ciwon baya, ba ya ce min fata ba ta yi ba sai gobe. Ganga ɗaya ba ta ɗaukar shugaba biyu."

Na yi faɗa. In za a faɗi gaskiya, faɗan bai wuce minti uku ba. Sai ya ce ai daga yau ni ne Injiniya, za a rubuta a ƙofar ofishina, ga kuma makullin sabon babur Besfa a kan tebur. Na ɗauka. Allah ya wadaran hannun da ya ɗauka.

Da na je rumfar shanya in yi masa bayani, Baffa bai bar ni na gama ba. Ya ce, "Ba komai, Muntari. Je ka kula da ɗalibina." Na ji daɗin wannan amsa fiye da yadda ya kamata, na juya da sauri kada ya ƙara wata.

Saura abu ɗaya. A shekarun nan wuta ba ta zama, kuma in ganga ta tsaya a tsakiyar rini launi ya tafi ke nan. Na matsa wa Alhaji sai da ya sayo ƙaton janareta, tsohon hannu, mai ruri kamar ana yanka shanu goma a lokaci ɗaya. Aka tambaye ni inda za a kafa shi. Na ce a kai shi can baya, nesa da ofisoshi, kada ya hana mu tunani. Aka kafa shi a jikin rumfar shanya. Tun safe har a tashi yake aiki, kwana shida a mako.

Shekarar farko in na ratsa ta rumfar mukan gaisa da Baffa. A ta biyu abu ya fara sauyawa. Zan taho ta bayansa in ce, "Baffa, ina kwana?" ko waiwaye ba zai yi ba. In sake faɗa, ya ci gaba da gyara fata a kan igiya. Ko a bakin ƙofa da yamma, inda babu hayaniya sosai, zan kira shi ya yi min kunnen uwar shegu ya wuce abinsa. Gwadabe ya ce, "Injiniya, tsohon nan fa ya riƙe ka a zuciya. Mu ma yanzu sai ya ga dama yake amsa mu." Raina ya ɓaci. Na ce ni da na sa sunansa yake fita daga ganga shida maimakon ɗaya, ni zai yi wa gaba? In ya ce ba komai, to ba komai ɗin ya tsaya a kai mana. Sai ni ma na ɗauke gaisuwata. Shekara ɗaya da rabi ina wuce mutumin da ya haife ni a girme ba na ce masa ci kanka, kuma ina ganin ni aka yi wa laifi.

Azumin 1989 a tsakiyar bazara ya faɗo, rana kamar ta sauko ta zauna a kan mutane. Da ya kai ashirin aka rufe kamfani, kamar yadda aka saba, don ma'aikata su tafi garuruwansu, na Gumel su tafi Gumel, na Maraɗi su tafi Maraɗi. Ni ma na kwashi iyalina muka tafi Zariya. Baffa ne kaɗai yake zuwa kullum daga gidansa a Zawaciki, don akwai fatu a rumfa da ba a bari ba kulawa.

Kwana uku bayan salla na dawo. Gwadabe ya tare ni a bakin ƙofa yana murmushi.

"Injiniya, an yi ɓarna amma Allah ya tsare. Tankin da ke saman ɗakin na'urarka ya tsage washegarin tafiyarka, ruwa ya cika akwatin shanshani. Kada ka damu, Baffa ya gyara komai."

Ban tsaya jin sauran ba. A kan teburina na tarar da allon wayoyin da shanshani yake kai, an naɗe shi cikin fata mai laushi, an ɗaure da zare. Na kwance. Ban taɓa ganinsa da tsabta haka ba, kowace waya tana ƙyalli. Babu takarda a bayansa. 'Yar tagar nan tana kallona tsirara. Na waiwayi Gwadabe da ya biyo ni.

"A ina ya shanya shi?"

"A kan kwanon rumfa," in ji Gwadabe, har da alfahari. "Mai gadi ya ce kullum da hantsi zai hau tsani da azumi a bakinsa ya ɗora shi, in rana ta juya ya hau ya juya shi, sai la'asar sakaliya ya sauko da shi. Kwana goma sha biyu, har ranar salla bai fasa ba."

Na mayar da allon cikin akwati, na sa aka tayar da janareta, na kunna. Fitila ta kama. Ganguna shida suka tsaya suna kallona. Na cire shi na hau Besfa, ban san yadda na ratsa titin Zariya ba. Abdulwahid ya sa shi a na'urarsa, ya daɗe yana kallon gilashin na'urar, sannan ya cire tabarau.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ruwan bai yi masa komai ba. Amma fes yake, Muntari, daga farko har ƙarshe. Kamar yau aka ƙera shi."

Da na koma na gaya wa Alhaji, ya yi tsalle ya dire. Akwai fatu dubu huɗu da aka yi alkawarin turawa kafin damina ta kankama, ga su jibge ba a rina ba. Ya ce in zauna in rubuto abin daga kaina.

"Lambobi ne sun fi dubu uku, Alhaji. Suna cikin kwanon sha."

"Kada ka gaya min maganar banza! Ni na ce ka bar tanki a saman na'ura?" Ya buga tebur. "Kuma tsohon nan da gangan ya yi. Ramawa ya yi. Ka je ka gaya masa ko ya dawo min da jana ko hukuma ta raba mu."

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne a wannan karon ni da Alhaji bakinmu ɗaya. Na yarda da gangan ne. Shekara ɗaya da rabi ta gaba, ga sakamakonta. Na fita idona a rufe, na nufi rumfar shanya, ma'aikata suka biyo ni a baya suna jiran kallo.

Yana tsaye yana miƙe wata fata, janareta yana ruri a gefensa har ƙasa tana girgiza. Na sha gabansa, na tura masa allon a fuska, na buɗe murya. Ban bar komai ba. Na ce ya cuce ni, ya cuci mutum saba'in da suke ci a kamfanin nan. Na ce in da ni yake gaba ai sai ya tare ni ido da ido, ba ya bi ta bayan gida kamar ɓera ba. Na ce furfurarsa ba ta amfana masa komai ba. Ni, Muntari, na faɗa wa Baffa Labaran haka a gaban jama'a.

Shi kuwa bakina yake kallo. Da ya ga allon sai fuskarsa ta washe.

"Ka gan shi ko?" ya ce da ƙarfi, yadda kowa yake magana a wurin saboda inji. "Ko ɗigon ruwa babu. Da ka ga yadda na same shi da ka yi kuka. Takardar bayan nan ta jiƙe sharkaf, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta, na ɓare ta a hankali, na goge masa idon da gefen hulata. Mai gadi ya nuna min in rataye shi nan cikin rumfa, na ce kai ba ka san aiki ba. Fata ce ake shanyawa a inuwa. Ƙarfe sai rana, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi. Rediyona da ta faɗa rijiya ba haka na yi mata ba?" Ya shafa gefen allon da babban yatsa. "Kaina ne fa a ciki, Muntari. Ya zan bar shi ya lalace?"

Zagin da ya rage a bakina ya rasa inda zai je. Na tsaya ina huci kamar sakarai. Sai na nuna masa tagar, na nuna rana, na shafe tafin hannuna da ɗaya hannun, na buɗe masa shi wayam.

Murmushin ya tafi a hankali. Ya dubi allon, ya dubi sama, ya dube ni.

"Rana ce?"

Na gyaɗa kai.

"Duka?"

Na sake gyaɗawa.

"Na tambaye ka takardar nan," in ji shi. "Ka ce ba zan gane ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗa ne da na ji sauƙi. Ya juya ya ƙarasa miƙe fatar da yake yi, ya ɗaure ta. Sannan ya ce, "To. Gobe a zuba fata a ta uku. Abin da na ba ka sau ɗaya zan sake ba ka. Ka zo da littafinka."

Tun da sassafe na sa aka loda fatu ɗari uku a ganga ta uku, aka zuba ruwa da haɗi, aka rufe, don kada a ɓata lokaci in ya iso. Na mayar da makunnin hannu irin na da. Na sayi sabon littafi, na kuma rantse a raina wannan karon kwafi uku zan yi, Alhaji ya mutu in ya ga dama. Shi ma Alhajin ya sauko daga ofis da farar babbar riga yana tattare ta kada ta taɓa ƙasa. Ma'aikata duka suka bar aikinsu suka kewaye wurin.

Baffa ya shigo da kayan sallarsa, hula sabuwa. Ya je ya tsaya a gurbinsa na da, inda ƙafarsa ta sa siminti ya yi santsi. Ya rufe ido, ya karkatar da kai. Na kunna.

Ganga ta ɗauka. Tim. Tim. Tim. Fatu ɗari uku jiƙaƙƙu suna hawa suna faɗowa, ina jin kowace faɗuwa a ƙirjina. Na riƙe biro, idona a kan allura.

Minti biyar. Ya matsa taku ɗaya. Minti goma. Ya juya ɗaya kunnen. Na ga allura ta yi ɗan motsin nan da na sani, na dubi hannunsa, hannun bai tashi ba. Can sai ya buɗe ido, ya waiwayo ransa a ɓace, ya ɗaga murya fiye da yadda wurin yake buƙata.

"Gwadabe, wasa kuke yi da ni? Ku zuba fatun mana! Kun bar ganga tana juyawa ba komai a ciki."

Ba wanda ya motsa. Tim. Tim. Tim.

Ya dubi Gwadabe, Gwadabe ya sunkuyar da kai. Ya dubi sauran, ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi ruwan ja da yake tsiyaya ta bakin murfin gangar, wanda ba ya tsiyaya sai da kaya a ciki. Na ga lokacin da ya gane.

"Na ɗauka ƙarar injin can ce take toshe min," ya ce, ba da kowa yake ba. "Na ɗauka in na dawo nan zai buɗe." Ya sa ɗan yatsa a kunne ya girgiza. "Ku yi shiru. Ku yi min shiru, bari in sake." Ya koma ya rufe ido, ya karkatar da kai, ya ɗan ɗaga hannu yana jira.

Alhaji ya matso kusa da ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "To wane mara hankali ne ya kafa janareta a kan tsoho?"

Na dube shi. Na so in shaƙe shi da babbar rigarsa, in tuna masa wanda ya kai tsohon rumfa, in tuna masa kwanon sha. Amma tambayar da ya yi tana da amsa, kuma ni ne amsar. Na ajiye littafin a ƙasa. Na ratsa ma'aikata na fita ta ƙofar baya, na wuce fatun da suke rataye, na wuce tabarmar Baffa da butarsa, waɗanda ba su fi taku huɗu daga injin ba. Shekara uku ban taɓa lura da inda yake zama ba. Na kama hannun janareta na ja da duk ƙarfina.

Kamfanin gaba ɗaya ya yi tsit. Ina jin kurciya a kan katanga, ina jin wata mota can a titin Panshekara. Na dawo ciki. Ganga ta uku ta tsaya cak, ruwa yana ɗiga daga murfinta, kowa ya juyo yana kallona.

Ban da Baffa. Yana nan a gurbinsa, ido a rufe, kai a karkace, hannu a ɗage, yana sauraren gangar da ta daina juyawa.

Na je na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baffa, ina kwana?"

Na sake faɗa da ƙarfi, har muryata ta dawo min daga kwanon rufi.

Bai buɗe ido ba.